Hawan manyan tudun yashi: ina za a je, kuma yaya ake hawa lafiya?

Wani matashi daga Kano ya tambaya cewa shi da abokansa sun saba hawan Dala da Goron Dutse, sun ma taɓa zuwa duwatsun Shere na Jos, yanzu kuma hotunan manyan tudun yashi na Maroko da Dubai sun ɗauki hankalinsu. Yana son ya san inda za su samu irinsu kusa da gida, da shirin da ake yi, da kuma ko akwai haɗari.

To ƙanena, ƙarfin ƙafar da kuka samu a Dala zai yi muku amfani, amma ba shi ne zai kai ku sama ba. Aikina na shekaru a kan gurgusowar hamada ya sa na ga ƙarti majiya ƙarfi sun zauna a rabin tudu suna haki, dattijo ɗan gari ya wuce su da sandarsa ko gumi bai yi ba. Ba ƙarfi ya fi su ba. Ya san gefen da ake bi, ya san lokacin da ake fita, kuma bai yi gardama da rana ba. A kan waɗannan zan fi tsayawa, sannan mu zo kan wuraren.

Fara da sanin yadda tudun yake ginuwa, domin daga nan ake gane hanyar hawa. Iska ba ta ɗaga yashi sama sosai kamar yadda take ɗaga ƙura. Ƙwayoyin tsalle suke yi dab da ƙasa, wannan ta faɗo ta bugi waccan, waccan ta tashi. Haka suke hawa gefen da iska ke bugawa har su kai doro, su zube a bayansa inda iska ba ta kaiwa. Shi ya sa kusan kowane tudu yake da fuska biyu. Fuskar da ke kallon iska kwance take, karkatarta ba ta cika wuce digiri 10 zuwa 15 ba, kuma iska ta daddanne yashinta har ƙafa ba ta nutsewa sosai. Ɗaya fuskar a tsaye take, wajen digiri 30 zuwa 34, kuma ba ta wuce haka, domin nan ne iyakar tsayuwar busasshen yashi. Kamar tsibin gero ne a masussuka: kome yawan da ka zuba a kai, gefensa ba zai ƙara miƙewa ba, sai dai ya zube ya koma yadda yake. Wannan fuskar sako-sako ce, kullum a bakin zubewa take. Wanda ya tunkare ta kai tsaye zai yi taku uku ya dawo biyu, kafin ya kai rabi sharaɓarsa ta ɗaure.

A yankinmu iskar da ke sarrafa yashi ita ce ta hunturu, mai zuwa daga arewa maso gabas. Saboda haka galibi za ka tarar fuskar mai sauƙi tana kallon gabas ko arewa maso gabas, mai tsaurin tana kallon yamma ko kudu maso yamma. Amma kada ka riƙe wannan kamar karatu, duba da idonka. Inda ka ga ƴan layuka-layuka a kan yashi, nan iska ta danne shi, zai ɗauke ka. Inda ka ga sumul babu layi, nan ne ake nutsewa.

Hanyar da ta fi ita ce ka nemi inda doron tudun ya sauko ƙasa, ka hau ta kan doron, ƙafarka tana ɗan karkata zuwa gefen iska. Taka da tafin ƙafa gaba ɗaya, ba da yatsu ba, taku gajere. In kuna da yawa ku jera, kowa ya sa ƙafa a sawun na gabansa, domin wancan ya riga ya danne wurin. In na gaba ya gaji ya koma baya wani ya karɓa. Tafiya a yashi mai laushi tana cin ƙarfi ninki biyu ko fiye na tafiya a ƙasa mai tauri, don haka lissafin da ka saba yi a titi ka ninka shi. Tudun da ya kai mita 200 zai iya cin awa guda ga wanda bai saba ba, kuma ido yana yaudara: abin da ka ɗauka ƙoƙuwa ce, in ka isa sai ka ga wata a bayanta.

Lokaci kuwa babu sassauci a kansa. Ku yi sallar asuba ku fita, ku kasance a sama rana tana fitowa, ku sauko kafin ƙarfe goma. In ba haka ba ku jira bayan la'asar. Da sassafe yashi ya fi tauri, direbobin hamada ma sun san haka. Da tsakar rana a lokacin zafi zafin saman yashi yana iya haura digiri 70 alhali na iska yana 40 da ɗoriya, kuma wannan ya isa ya tayar da bororo a tafin ƙafa cikin ɗan lokaci. Mutane da yawa suna cire takalmi da safe don daɗin sanyin yashi, su bar shi a gindin tudu, sai a dawowa su gane kurensu. In za ka cire, rataya shi a wuya. Ni na fi son kambas mara nauyi da safa doguwa. Takalmin hawan dutse mai nauyi wahala ce kawai, silifa kuma yashi mai zafi yana shiga ta kowane gefe.

Saukowa ita ce ladan wahalar. A nan ne fuskar nan mai tsauri take da amfani: ka jingina baya kaɗan, ka riƙa kafa diddige, yashi ya tafi da kai. Abin da ya ci awa a hawa sai ya ci minti biyar. A wasu manyan tudu, in yashin ya bushe ƙarau kuma mutane da yawa suka zame tare, za ku ji wani rugugi daga ƙarƙashinku, har a jiki ake jinsa. Ba iskokai ba ne, gogayyar ƙwayoyin yashi ce yayin da suke zubewa tare. Abu biyu kawai zan hana: kada ka yi gudu ka kifa da ka, domin wuya da gwiwa suke biya, kuma kada kowa ya haƙa rami mai zurfi ko kogo a jikin tudu don neman inuwa ko wasa. Yashi yana rufta wa mutum, kuma ba a tone shi da hannu da saurin da ake bukata.

Yanzu wuraren. Ba sai kun hau jirgi ba. A ƙaramar hukumar Yusufari ta jihar Yobe, kusa da iyakar Nijar, akwai tudun yashi na gaske masu tafiya, irin na Tulo-Tulowa, da dausayoyin Bulatura waɗanda suke cikin gandun daji na ƙasa na yankin tafkin Chadi. Daga Kano ana bi ta Haɗeja da Nguru zuwa Gashuwa, daga can a nufi Yusufari, sauran kuma sai mota mai jan ƙafa huɗu. Tsayinsu bai kai na tsakiyar Sahara ba ko kusa, amma ga mai koyo sun isa, kuma suna da abin da manyan ba su da shi: ka hau farin yashi ka leƙa kwari ka ga goruba da dabino da ruwa da masu haƙar kanwa. Irin wannan ƙasa ce ta ci gaba a ƙetaren iyaka, ƙasar Mangawa, wajen Gudumariya da Maine-Sorowa, har zuwa hamadar Tal kusa da Gigimi a jihar Difa. Jigayin da kuke wucewa a hanyar Haɗeja ma tsofaffin tudun yashi ne, tun zamanin da hamada ta sauko kudu da ɗaruruwan kilomita wajen shekara 20,000 da suka wuce. Ciyawa da noma ne suka riƙe su.

Abu biyu game da can. Na farko ƙarangiya: bayan damina tana cika gindin tudun, ta manne a safa da wando, ga ƙaiƙayi, don haka kada a yi tafiyar ƙafa ba takalmi a inda akwai ciyawa. Na biyu ya fi muhimmanci. Yashin da kuka zo ɗaukar hoto shi ne yake binne gonaki da gidajen mutanen wurin. Za ku ga an kakkafa shingen kaba ko rassan itace a jikin wasu tudu, da ƴan dashe a tsakani. Aikin tsayar da yashi ne, gumin mutane ne, kada ku hau ta kai ko ku bi da mota. Ku fara zuwa gaida bulama ko lawani, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku nemi a haɗa ku da ɗan gari. Sannan arewacin Yobe, musamman ta wajen Geidam da Yunusari, ya sha hare-haren ƴan tayar da ƙayar baya, Difa ma haka. Labarin tsaro na bara ba ya aiki bana. Ku tambayi mutanen Gashuwa da jami'an tsaro a satin da za ku tafi, in suka ce a dakata, a dakata.

Manyan kuwa, waɗanda suka cancanci a kira su tsaunuka, suna hamadar Tenere, gabas da duwatsun Abzin a jihar Agadas ta Nijar. Inda hamadar ta zo ta yi karo da duwatsu, iska tana tara yashi a gindinsu. A Temet, ƙarƙashin dutsen Greboun, akwai tudun da suka kai wajen mita 300, suna cikin mafi tsayi a Sahara. A Arakao duwatsu sun yi zobe mai baki ɗaya yana kallon gabas, yashi ya shiga ta bakin ya yi wani ƙaton tudu a ciki. Akwai kuma Ciriyet, baƙin dutse tsakiyar jan yashi. Daga Agadas ake tashi, galibi ta Iferwan, kuma tafiya ce ta kwanaki, ana kwana a fili. Wannan yanki na Abzin da Tenere yana cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 1991, tsohon garin Agadas da hasumiyar masallacinsa ta ƙasa mai mita 27 ya shiga a 2013. A ra'ayina duk wanda ya ga Temet da hantsi ba zai ƙara ɗokin yashin da ake kai ƴan yawon buɗe ido a bayan Dubai ba, inda motoci suka tattake ko'ina.

Sai dai gaskiya ɗaya ce: a halin da ake ciki ba zan ce wa ƙanena ya ɗauki jaka ya nufi can don nishaɗi ba. Tawayen 2007 zuwa 2009 ya bar nakiyoyi a wasu hanyoyin Abzin. Zinariyar da aka gano a Jado a 2014 ta jawo jama'a, ta jawo ƴan fashi a bayansu. A 2025 an sace Turawa mata biyu a cikin garin Agadas kansa. Motocin da ke zuwa Dirku da Bilma suna tafiya ne a ayari da rakiyar sojoji. Ga kuma batun takardu, tun da Nijar ta fice daga ECOWAS dokokin iyaka suna canzawa. Bahaushe ba baƙo ba ne a Agadas, Hausa ce harshen kasuwa a can, amma fashi ba ya tambayar harshe. In har za ku je, sai ta hannun kamfanin yawon buɗe ido mai rajista a Agadas, da izinin hukuma, da sanin cewa ana iya ce muku a'a.

In kuɗi ya samu kuma abin da kuke so shi ne hawa cikin kwanciyar hankali, Marzuga a Maroko tana da tudun da suka kai wajen mita 150, titi mai kwalta yana kaiwa har bakinsu, ga masauki. Sossusvlei a Namibiya tana da jajayen tudu, wasu sun haura mita 300. Duk abin da na faɗa kan hawa haka yake a can, sai dai a Namibiya lokacin sanyi daga Mayu zuwa Satumba ne.

A namu yankin lokacin tafiya daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne. Daga Maris zuwa Yuni a manta da zancen, zafin inuwa ma yana kai digiri 45. Hunturu kuma yana da nasa halin. Ƙurar da ke rufe Kano yawancinta daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa, kuma in ta taso a hamada za ka kasa ganin abokinka da ke nesa da kai kaɗan. In kun ga ta tunkaro kuna sama, ku sauko, ku tattaru wuri ɗaya, ku ba iska baya, ku rufe hanci da baki, ku jira. Ba a tafiya cikin ƙura. Sawun da kuke dogaro da shi don komawa iska tana shafe shi cikin mintoci, kuma tudu duk kama suke yi da juna. Kafin ku bar mota ku ajiye alamar wurin a taswirar waya wadda ke aiki ba intanet, amma kada waya ta zama ita kaɗai ce jagora. Zafi yana kashe ta, caji yana ƙarewa.

Rawani ba ado ba ne a hamada. Yadi huɗu ko biyar na auduga yana tare rana a ka da wuya, yana tace ƙura, yana rage bushewar baki. Riga mai dogon hannu, sakakkiya, da tabarau mai duhu, da man kaɗanya don leɓe da faso. Matasa suna son gajeren wando da singileti saboda hoto, amma fatar da ke buɗe ta fi saurin zubar da ruwan jiki.

Ruwa shi ne inda ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa. Iskar hamada busasshiya ce, gumi yana bushewa kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka yi gumi ba. Ko a hunturu ka lissafa lita huɗu zuwa shida na sha ga kowane mutum a rana, ban da na girki, sannan a ƙara na kwana biyu a mota don ko-ta-kwana. A raba shi a jarkoki da yawa, domin in ɗaya ta fashe kada a rasa duka. In za ka hau, ka ɗauki lita biyu a bayanka, kana kurɓa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishi ya zo. Fitsari shi ne ma'auni: in ya yi ja ya ragu, kana baya. Ka tafi da ƙullin gishiri da sukari na asibiti, in babu ka haɗa lita ɗaya ta ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Alwala kuwa, inda ruwa ya yi ƙaranci shari'a ta ba da taimama, ga ƙasa mai tsarki iya ganinka. A wasu shekarun azumi yana faɗowa cikin watannin sanyi. Kada mai azumi ya hau da rana, ko ya ɗage tafiyar ko ya yi amfani da sassaucin matafiyi.

Wanda zafi ya fara kamawa za ka ga ciwon kai, jiri, tashin zuciya, jijiyoyi suna ɗaurewa. A zaunar da shi a inuwa, ko da ta zane ce aka riƙe masa, a ba shi ruwan gishiri da sukari, hawansa na ranar ya ƙare. Amma in ya fara surutai marasa kan gado, ko yana tangaɗi, ko ya suma, abin ya wuce gajiya. A jiƙa jikinsa da tufafinsa, a yi ta fifita, kada a ɗura masa ruwa in ba ya cikin hayyacinsa, a nufi asibiti nan take. Mai sikila ya yi shawara da likitansa kafin ya sa ƙafa, domin ƙishirwa da gajiya da sanyin dare su ne ainihin abin da ke tayar da ciwon. Mai asma, mai hawan jini da mai ciwon sukari su ma haka, kuma kowa ya faɗa wa abokan tafiya ciwonsa tun a gida, ba a tsakiyar yashi ba.

Dare yana ba mutane mamaki. A Disamba da Janairu sanyin Tenere yana sauka kusa da sifili, bargo ɗaya ba ya isa. Kada a yi shimfiɗa a gindin fuskar da yashi ke zubewa, ko a cikin busasshen kwari, ko jikin kurmin ciyawa, domin nan kunama da maciji suke fakewa. Akwai macijin hamada mai ɗan ƙaho a kan ido da ke binne kansa a yashi, yana barin sawu a karkace. A hunturu ba ya yawo sosai, amma duk da haka a kakkaɓe takalmi da safe, a riƙe tocila da dare. In ya sari wani, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi a kai shi inda akwai allurar dafin maciji.

Batun mota na direba ne, amma ka san abin da za ka duba kafin ka biya. Ba a shiga hamada mai nisa da mota ɗaya, biyu ne mafi ƙaranci. A samu tayar ko-ta-kwana biyu, shebur, farantan ƙarfe da ake sa wa ƙarƙashin taya in ta kafe, famfon iska domin ana rage iskar taya sosai a yashi a mayar in an fito, da wayar tauraron ɗan'adam. A bar wa wani a gari hanyar da za a bi da ranar dawowa. In mota ta lalace, a zauna wajenta, a yi inuwa, a daina motsi da rana. Mota ana hango ta daga nesa, mutum a ƙafa ba a hango shi. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara ƴan yankin Kance na Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, suka watsu neman ruwa. Mutanenmu ne, masu jure zafi tun haihuwa, amma jurewa ba ta maye gurbin ruwa.

Shi ya sa zaɓen jagora ya fi zaɓen takalmi. Ayarin Buzaye da ke zuwa Faci da Bilma ɗauko kantun gishiri da dabino a kaka, su zo su musanya da gero a ƙasar Hausa, suna ratsa ɗaruruwan kilomita na yashi a bayan madugu ɗaya, kuma ba a yi masa musu a hanya. Shi ya san kwararon da ke tsakanin dogayen tudun da suka miƙe bin iska, ya san rijiya. Alama a wannan hanya ta yi ƙaranci har itaciyar ƙaya ɗaya tak ta shiga taswira. Mota ta buge ta a 1973, gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Naku jagoran, ko na Yusufari ne ko na Iferwan, ku tambaye shi yaushe rabonsa da wannan hanya, ina ruwa mafi kusa, ina asibiti mafi kusa, kuma wa zai fito neman ku in ba ku dawo ba. In yana amsa kome da "ba matsala", ku nemi wani. Ku gama ciniki tun a gari, a fayyace ko man mota da abinci da kuɗin izini suna ciki.

A kwarurukan da ke tsakanin tudun Tenere za ku iya cin karo da kan kibiya na dutse, dutsen niƙa, guntun tukwane, har ƙashin kifi, domin shekara dubu bakwai ko takwas da suka wuce wurin tafkuna ne da ciyawa. Maƙabartar Gobero da aka gano a 2000 da zanen raƙuman dawa na Dabus daga wancan zamanin suke. Ku duba, ku ɗauki hoto, ku mayar inda kuka gani. Fitar da su laifi ne a dokar Nijar, kuma ana bincikar kaya a shingaye. Ledoji da gorunan roba kuma ku dawo da su gari, domin abin da aka binne a yashi iska tana tone shi.